Kotun iyali a Kumasi da kuɗin ɗawainiyar ɗan jami'a: inda take aiki da inda take gazawa

Takardar da kotun iyali ta ba uwa, wadda ta ce uba ya riƙa biyan kaza duk wata, tana da ranar mutuwa ko da ba a rubuta ranar a jikinta ba. Ranar da yaron ya cika shekara 18 ke nan. Haka sashe na 53 na Dokar Yara ta Ghana ta 1998, wadda lauyoyi ke kira Act 560, ya tanada. Ba sai uban ya koma kotu ya nemi a sauke masa nauyin ba, kuma babu wasiƙar da za a aiko wa uwar a Aboabo ko Sawaba a ce mata ga lokaci ya gabato. Wata zai ƙare, MoMo, wato asusun kuɗi na waya, ba ta yi ƙara ba, in ta kira a ce mata, "Ai ya girma, na gama nawa."

Lissafin shekarun shi ne abin damuwa. Yaron da ya shiga aji ɗaya yana ɗan shekara 6, ya yi 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare (JHS), 3 a babbar sakandare (SHS), yana rubuta WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, yana cika 18. Tun 2017 da aka mai da SHS kyauta, waɗannan shekaru ukun na ƙarshe sun yi wa iyaye sauƙi, har aka manta da nauyin kuɗin makaranta. Sai ga takardar samun gurbi daga Tek, wato jami'ar KNUST ta Kumasi, ko jami'ar horar da sana'o'i ta Tanoso, ko kwalejin jinya, da kuɗin da ya ninka duk abin da aka saba kashewa, a daidai shekarar da umarnin kotu ya faɗi.

Dokar ba ta bar wannan gurbi a buɗe ba. Sashe na 54 ya ba kotun iyali ikon ci gaba da umarnin bayan shekara 18 idan yaron yana cikin karatu ko koyon sana'a. Wannan hidimar ce muka auna a nan, tare da sauran ƙofofin da mutanen zango ke bi kafin su isa gare ta. Hukuncinmu a taƙaice: kotun iyali ita kaɗai ce ke da haƙoran cizo, tsarinta ya dace da talaka fiye da yadda ake zato, amma tana yi wa wanda ya zo da shiri aiki ne kawai, kuma ƙarfinta na karɓo kuɗi ya dogara ga irin sana'ar uban.

Ƙofar da aka fi bi da fari ita ce ofishin walwalar jama'a, wato Social Welfare, wanda ke ƙarƙashin kowace majalisar gari, har da ta Asokore Mampong da ta birnin Kumasi. Jami'i zai aika wa uba takardar gayyata, a zauna, a yi magana, a rubuta abin da aka amince. Ga iyayen da har yanzu ke gaisawa, wannan ya wadatar, kuma ya fi kotu sauri nesa ba kusa ba. Rauninsa ɗaya ne amma babba: takardar gayyata ba sammaci ba ce, abin da aka rubuta a teburin jami'i kuma ba hukunci ba ne. Uban da ya ƙi zuwa, ko ya zo ya yi alkawari ya karya, jami'in ba shi da abin da zai yi masa illa ya tura maganar kotu. Duk wanda ɗansa ya rage wata biyu ya cika 18 kada ya ɓata su a nan yana jiran gayyata ta uku.

Hukumar Legal Aid, wadda dokar 2018 ta sake wa fasali, tana yin sulhu ita ma, ta kuma ba marar hali lauya. Ta fi amfani idan uban ya ɗauko nasa lauyan, ko idan maganar ta cuɗanya da shari'ar saki da rabon dukiya. A je mata da wuri, domin ba ranar da aka shiga ake fita da lauya ba.

Ofishin 'yan sanda na DOVVSU kuwa, mai kula da cin zarafi a cikin gida, inda mata da dama ke fara kai kuka, ba shi ne wurin wannan matsala ba, kuma ya kamata a fahimci dalili. Laifin ƙin ciyar da yaro da sashe na 59 ya ambata ya rataya ne a kan sashe na 47, shi kuma yana magana a kan "yaro", wato wanda bai kai 18 ba, sannan ya fayyace cewa ilimin da ya wajaba a kan iyaye shi ne ilimin tushe. Ɗalibin aji biyu a jami'a mai shekara 20 ba ya cikin wannan da'ira. Haƙƙinsa daga sashe na 54 yake fitowa, kuma alƙali ne ke iya ba da shi, ba ɗan sanda ba.

To ita kotun iyalin, wadda za a ga an rubuta Family Tribunal a takardunta, a kotun gunduma take zama. Majistare ne shugaba, tare da mutum biyu zuwa huɗu, cikinsu dole a samu jami'in walwalar jama'a. Abu uku a tsarinta sun cancanci yabo. Ba a buɗe take ga 'yan kallo ba; daga masu shari'ar sai shaidu da lauyoyi da jami'ai da wanda kotu ta ba izini, don haka maƙwabciya ba za ta zo ta zauna a benci ta kwashi labari ta kai gidan biki ba. A zango, inda tsoron tonon asiri ya hana mata da yawa neman haƙƙin 'ya'yansu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na biyu, doka ta ce a yi zaman cikin sauƙi, ta hanyar bincike, ba ta hanyar kokawar lauyoyi ba, saboda haka mai sayar da koko da ƙosai za ta iya tsayawa da kanta ta yi bayani. Na uku, ba a tambayar ko an ɗaura aure ko an yi masa rajista. Matuƙar an tabbatar da uban, nauyin yana kansa, kuma sunansa a takardar haihuwa ko yanka ragon suna da ya yi a bainar jama'a suna cikin abin da kotu ke dubawa a matsayin shaida.

Daga wannan tsarin kuma jinkirinta yake fitowa. Tunda ba mutum ɗaya ke zama ba, ranar da adadin bai cika ba sai a ɗage. Kuma ba kullum take zama ba, domin doka ta ce ta zauna a wani ɗaki daban ko a ranaku daban da sauran shari'o'i. Ga kai sammaci: uban da ke tuƙa babbar mota tsakanin Kumasi da Bawku ko Wagadugu, ma'aikacin kotu zai iya zuwa gidansa sau uku bai same shi ba, kuma ba a ci gaba sai an nuna ya sani. Maganin wannan shi ne a ba da kwatance mai kyau tun farko, gida da tasha da masallacin da yake salla da ranar da yakan shigo gari, in ya gagara a roƙi kotu ta yarda a isar masa ta wata hanya. A kuma faɗa wa magatakarda tun ranar shigar da takarda cewa ana son tafintan Hausa, don Turanci da Twi aka fi ji a ɗakin.

Yanzu ga lokacin shigar da buƙata, wanda a nan aka fi yin asara. Kalmar da dokar ta yi amfani da ita ita ce a ci gaba da umarni. Abin da ke raye ake ci gaba da shi. Wanda ya bari sai bayan shekara ɗaya da faɗuwar umarnin ya buɗe wa lauyan uba ƙofar cewa babu abin da za a ɗora a kai, wanda kuma bai taɓa samun umarni ba sam har yaron ya wuce 18 ya fi shi tsayawa a kan ƙasa mai santsi. Shawararmu: a shigar wata huɗu zuwa shida kafin ranar haihuwar, tun yaron yana SHS, da wasiƙar shugaban makaranta da ke nuna yana aji kaza. Uwar da ke karɓar kuɗi hannu da hannu bisa alkawarin baka, tana kuma ganin alamun za a daina, ta nemi umarnin asali tun yaron yana 16 ko 17.

Akwai wani rami tsakanin WASSCE da shiga jami'a. Watanni ne yaron yake gida, babu rajista a ko'ina, wani ma sai ya sake zama jarrabawar Nobdek, wato WASSCE ta masu zaman kansu, don ya gyara lissafi ko Turanci. A wannan tsakanin uba zai ce ba ya cikin karatu. A ajiye rasit na fom ɗin neman gurbi, da sakamakon jarrabawa, da rasit na makarantar share fage in yana zuwa, a kuma roƙi kotu ta rubuta a fili cewa umarnin ya haɗa da lokacin jiran gurbi. Kotu tana da ikon ba da umarnin wucin gadi kafin ta yanke hukunci, kuma mutane da yawa ba sa nema don ba su san da shi ba, alhali ranar rufe biyan kuɗin makaranta ba ta jiran ranar zaman kotu.

Wa zai shigar? Doka ta ba mutum uku dama: ɗaya daga cikin iyaye, wanda yaron ke hannunsa, ko shi saurayin ko budurwar da kansu. Wannan na ƙarshen ya yi kyau a takarda. A Asawase ko Alabar kuwa, yarinyar da ta sa hannu ta kai mahaifinta ƙara za ta daɗe tana jin maganar a bakin gwaggonninta, kuma ranar aurenta shi ne waliyyi. In uwa tana raye da lafiya, ita ta shigar. In yaron a hannun kaka ko kawu yake, su shigar. A bar wa yaron wannan dama sai inda babu kowa.

Abin da za a riƙe a hannu: kwafin tsohon umarni da lambar shari'ar, takardar haihuwa ko Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, takardar samun gurbi, jadawalin kuɗin makaranta na wannan shekara kamar yadda makarantar ta fitar, takardar kuɗin ɗakin kwana, da duk abin da ke nuna samun uban. Ga mai koyon sana'a, gyaran mota a Suame Magazine ko ɗinki ko walda, dokar ta haɗa da shi, amma kotu ba za ta ɗauki "yana zuwa wurin maigidansa" a matsayin shaida ba. A sa maigidan ya rubuta yarjejeniya da ranar farawa, da shekarun da za a yi, da kuɗin shiga da na yaye.

A lura da kalma ɗaya: dokar ta ce kotu tana iya ci gaba, ba ta ce dole ba. Sashe na 49 ya lissafa abin da take aunawa, kuma na farko shi ne samu da dukiyar iyayen duka biyu. Uwar da ke da shago a Kejetia ta shirya jin cewa ita ma za ta ɗauki kaso. Ana duba ko wata lalura ta rage wa uban ƙarfin nema, da sauran 'ya'yan da yake ciyarwa, da tsadar rayuwa a inda yaron yake. Mai mata uku da 'ya'ya goma sha biyu ba za a yanka masa abin da za a yanka wa mai 'ya'ya biyu ba, ko da samunsu ɗaya ne. A ganinmu wannan adalci ne, kuma uban da ya zo da takardunsa, ya faɗi gaskiyar abin da zai iya, yakan fita da sauƙi fiye da wanda ya ƙi zuwa aka yanke a bayansa.

Inda aka fi yin sakaci shi ne yadda ake rubuta umarnin. Mutum ya yi wahalar zuwa kotu, sai ya fita da layi ɗaya: a ci gaba da biyan sidi kaza duk wata. Kuɗin jami'a ba duk wata yake zuwa ba, a dunƙule yake zuwa. A Tek, ɗan shekarar farko ne ake ba gado a ɗakunan jami'a irin su Katanga da Conti da Africa. Daga shekara ta biyu sai ya fita unguwannin da ke kewaye, Ayeduase ko Kotei ko Bomso, inda masu gidaje ke karɓar kuɗin shekara gaba ɗaya, kuma sau da yawa kuɗin ɗakin ya fi na karatun. Wanda aka ɗauka a layin masu biyan cikakken kuɗi kuwa, lissafinsa daban ne kwata-kwata. Kuma makaranta ba ta wasa da ranar biya: a Afrilun 2022 jami'ar ta sanar da ɗage karatun ɗalibai fiye da 6,000 saboda ba su kai kashi 70 cikin 100 na kuɗinsu ba. Don haka a nemi a rarraba umarnin. Kuɗin karatu, uba ya biya kai tsaye a asusun makaranta kafin ranar rufe rajista ya kawo rasit. Kuɗin ɗaki, wa zai biya, kashi nawa, a wane wata. Kuɗin abinci na wata, a tura wa ɗalibin da kansa ta MoMo, wanda ke barin shaida ga kowa. A saka kwamfuta da kayan aiki ga mai karatun injiniya ko zanen gini, a saka sabunta katin inshorar lafiya, wanda yaro ke fita daga rangwamensa da ya cika 18. Iyaye maza da yawa da ke cewa ba za su ba tsohuwar matarsu ko kwabo ba, in aka ce makaranta za su biya kai tsaye sai su sauko.

A rubuta kaso, kada a rubuta adadi, a duk inda zai yiwu. Rabin kuɗin ɗaki yana nan rabi ko an ƙara. Sidi 300 da aka yanke wa wani a 2019 kuwa, a misali, bayan hauhawar farashin da ta kai kashi 54.1 cikin 100 a Disambar 2022, ba ta sayen rabin abin da take saye. Sashe na 55 ya ba kotu ikon sauya umarni in hali ya sauya, ko a ƙara ko a rage, kuma ana iya haɗa wannan roƙo da na ci gaba a zama ɗaya maimakon a dawo sau biyu.

Uba zai kawo hujja biyu, kuma duka suna da ɗan nauyi. Zai ce gwamnati ta ɗauke kuɗin, yana nufin shirin No Fees Stress da aka ƙaddamar a 2025. Shirin kuɗin karatun shekarar farko a makarantun gwamnati ya shafa. Bai shafi ɗaki da abinci ba, bai kuma kai shekara ta biyu ba. Zai ce yaron ya ci bashin ɗalibai, tunda tun 2022 Ghana Card ta isa ba sai da mai tsaya masa ba. Wannan bashi ne a wuyan yaron, shi zai biya bayan ya gama, kuma ya kamata a faɗa wa kotu haka. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce aiki: ɗalibin da ke da albashi yana karatun ƙarshen mako ko na nesa, da wuya a ci masa wannan shari'a. Zaman rumfar MoMo a lokacin hutu kuwa ba shi ne dogaro da kai ba.

Ga maganar addini, wadda ba ta rasa tasowa a zaman sulhu. A fikihun Malikiyya, ciyar da ɗa namiji yana kan uba har ya balaga yana iya nema, 'ya mace kuwa har ta tare a gidan miji. Uban ɗa namiji zai riƙe na farkon, amma ɗalibin da ke aji daga safe zuwa yamma ba mai iya nema ba ne a aikace. Ga 'ya mace, addini ya ma zarce dokar ƙasa: doka ta tsaya a 18 sai an roƙa, fikihu bai tsaya ba. Sulhu a gaban liman ko Sarkin Zango ko manyan dangi yakan taɓa zuciyar da sammaci ba ya taɓawa, kuma muna ganin a fara da shi in lokaci ya bari. Amma a rubuta abin da aka cimma, a sa hannu, a kai kotu ta ɗauke shi a matsayin hukuncin amincewa. In ba haka ba, ranar da aka saɓa sai a koma farko.

Wanda kuɗin ɗansa ya fito daga shari'ar saki ƙarƙashin dokar 1971, wato Act 367, ya karanta takardarsa da kyau, domin a can shekara 21 ce iyaka sai in umarnin ya faɗi wani abu daban, kuma can zai koma. Dokar Yara ta hana a shigar da buƙatar ciyarwa a kotun iyali alhali wata tana jira a shari'ar aure, har ta mai da yin hakan laifi.

Sai karɓo kuɗin, inda makin hidimar ya rabu biyu. Bayan kwana 30 da wajabcin biya ana iya komawa a nemi tilastawa, kuma kotu na iya sa a cire daga albashi ko a riƙe dukiya. In uban malamin makaranta ne, ko ma'aikacin asibiti, ko ɗan kamfani mai takardar albashi, wannan yana aiki, a cire tun kafin kuɗin ya shiga hannunsa. In mahauci ne, ko dillalin shanu, ko mai kawo albasa daga Nijar, babu albashin da za a kama, kuma zai iya rantsuwa kasuwa ta mutu. Nan aikin ya dawo kan mai ƙara: lambar motarsa, shagon da yake haya, gidan da yake karɓar kuɗin haya, tarihin kuɗin da ya taɓa turowa. Kotu na iya sa jami'in walwala ya je ya binciko halin da yake ciki ya kawo rahoto, kuma a nemi hakan da baki. Bashin watannin baya da ya taru kafin yaron ya cika 18 bai mutu da umarnin ba. A lissafa shi wata bayan wata a takarda, a gabatar tare.

A ƙarshen umarnin a sa ranar tsayawa da ba ta da harshen damo. A ambaci makarantar da fannin da shekarunsa: 4 ga yawancin digiri da kwalejojin horar da malamai, 3 ga HND, 6 ga likitanci. A faɗi abin da zai faru in ya maimaita shekara ko ya ɗage karatu saboda ciwo, a kuma ba uba haƙƙin ganin sakamako da shaidar rajista kowace simesta, don mai biya yana da haƙƙin sanin yaron yana aji. Shekarar bautar ƙasa ba karatu ba ce kuma tana da alawus, digiri na biyu kuma sabuwar buƙata ce da ba a ɗauka ta shiga cikin tsohuwa. Abin da ya dace a roƙa shi ne kuɗin abinci ya ci gaba daga jarrabawar ƙarshe zuwa watan da alawus na farko ya shigo, domin watannin nan ɗalibin ya bar ɗakin Ayeduase, bai kuma fara karɓar komai ba.